Zaɓin Na'ura

"Sake gwadawa," in ji darakta.

Injiniyar ta sake. Ita ta gina wannan lissafi a kwamfuta, a ofishinsu na Jakarta, don auna hanyoyin rage hayaƙin tashoshin wutar kwal. Amsar ba ta canza ba: a datse kogi a wani kwari a Sumatra don samar da lantarki, ya fi kowace hanya rage hayaƙi.

"Kin tabbata? Akwai ƙauyuka fa a wurin."

"Na sa su a lissafi, ranka ya daɗe. Duk da haka nan ne."

Shekaru suka wuce. Ruwa ya shanye kwarin, aka rufe tashoshin kwal biyu. Ana jajibirin azumi injiniyar ta kai mahaifiyarta tsakiyar tafkin a kwalekwale. Tsohuwar ta dubi tsaunuka, ta ce a tsaya, nan ne saitin kabarin mijinta. Ta watsa furanni a kan ruwa.

"Wai na'ura ce ta zaɓi garinmu," in ji ta. "Gara haka, 'yar nan. Da mutum ne, ban san yadda zan yafe masa ba."

'Yar ta miƙa mata sauran furannin.