Kira a Filin Ƙanƙara

"Ke! Ina za ki? Koma cikinsu!"

Muryar uwar ta cika filin wasan hokin ƙanƙara na unguwar Bronx. Yau mai horarwa zai zaɓi 'yan ƙungiya, ga 'yarta ta juya wa baƙin faifan da ake bugawa baya, ta sulale gefe inda babu kowa. Tsoron turereniya ne, in ji zuciyar uwar.

Yarinyar ba ta taɓa jin kiran mahaifiyarta ta wuce ba. Ta tsaya cak, ta waiwayo.

"Na'am, Umma?"

A daidai lokacin faifan ya taso daga sandar abokiyar wasanta, ya ratsa gefen nan da yarinyar ta nufa, gurbin da aka daɗe ana koya mata ta riga faifan isa don ta karɓe shi. Bai tarar da kowa ba, ya je ya bugi katanga.

Mai horarwa ya busa usur, iyaye suka juyo. Uwar ta ja mayafinta, ta zauna tana istigfari a ranta. Yarinyar kuwa tana tsaye cikin ladabi, tana jiran jin abin da aka kira ta dominsa.