Waƙar da Mahaifina Ya Shafe

Ina ɗan shekara goma sha biyu, wata la'asar a gidanmu na Kafanchan, na ɗauki rikodar mahaifina na naɗi muryar mahaifiyata. Tana niƙa ne, tana rera waƙar da ta ƙirƙira mini da harshen Jaba. Da mahaifina ya dawo daga tashar jirgin ƙasa ya saurara, sai ya ce mata, "Uwar yara, kaset ɗin da na saya domin yabon Ubangiji kuka cika da waƙar arna?" Muna tsaye ya danna jan maɓallin, ya rera waƙar coci, ya shafe muryarta. Ba ta sake rera tata ba.

Kaset ɗin yana akwatina har yau, muryarsa tana fita tar. Waƙarta kuwa ko baiti ɗaya ban riƙe ba, kuma ban yafe masa ba.