Kwalbar da Ke Bayan Firji

Marin farko ya haɗa ta da murhu, na biyu ya fasa mata leɓe. Mai sayar da dankali ya shaƙe matarsa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da 'yar kwalbar da ya tono a bayan firji.

Ya daɗe yana laɓe mata. Kullum sai ta yanyanka dankalin turawa, ta jiƙa a roba, ta waiga hagu da dama, sannan ta ɗiga wani abu a ciki. Ga shi kuma a ɗakin bincike take aiki, inda ake kiwon ƙwayoyin bakteriya kamar kaji. Me ya rage ya tambaya?

"Kashe ni za ki yi, 'yar boko?"

"Maigida, don Allah ka tsaya ka ji..."

Shi kuwa bai taɓa tsayawa ya ji ba. Mutum ne mai maƙon tsiya. Duk dankalin da ya sha rana ya yi kore, ya fid da tsiro, masu saye suka ƙi, shi yake kwasowa gida. Sau ɗaya ta taɓa magana a kan kayan nan, har yau ba ta ji sosai da kunnen hagu.

Ya rotsa kwalbar da bango. Ya ja matar da gashi, ya wurga ta ɗaki, ya murɗa mukulli. Ya watsar da dankalin da ta jiƙa a robar, ya ɗebo sabo a buhu, ya dafa da kansa har da ɓawon, don ya tsani asara. Tana dukan ƙofa tana kuka, tana roƙonsa kada ya ci. Ya ƙure muryar rediyo. Ɗaci ya kama masa maƙogwaro, ya ce rashin sabo da girki ne, ya share tukunyar tas don ta ji haushi.

Ihunta ne ya sa maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Suka tarar da shi yana birgima cikin amai, idanu a kafe. Kafin a isa asibiti ya daina shure-shure.

Ɗan sanda ya tsinci gindin kwalbar, ya dubi kumburarriyar fuskarta, ya sa mata ankwa. Aka kai wa likita sauran ruwan da ke ciki ya gwada.

Likita ya ce, "Ku kwance ta. Wannan ruwan, ƙwayoyin bakteriya ne ke fitar da shi, aikinsa narkar da dafin koren dankali. Gubar a buhunsa take, kwalbar nan ce ta hana ta kashe shi tun bara."