Tutar da Junaidu Ya Ɗinka

Abin ya fara ne a watan Agustan 2023, lokacin da aka rufe iyakar Illela da Ƙonni. Kasuwa ta mutu. Junaidu tela, wanda rabin masu kawo masa ɗinki daga tsallake suke zuwa, ya koma wuni yana goge kekensa.

Ana cikin haka wani baƙo mai suna Mukhtar ya fara zama a bencin shagon. Ya ce ƙungiya gare su, masu son garuruwan bakin iyaka su ware su kafa ƙasarsu, kada a sake rufe musu hanya. Ya kawo yadi, ya ce a ɗinka musu tutoci da riguna iri ɗaya.

Da Safiyya matar Junaidu ta ga yana ɗinka yadin a gida, ta tare shi da tambaya.

"Maigida, tutar wace ƙasa ce wagga?"

"Kwantar da hankalinki, sarkin tsoro," ya ce yana dariya. "Mukhtar ya yi man bayani. 'Yan tawaye hukuma ke kamawa. Su waɗanga masu neman ɓallewa ne, dokar duniya ta tsaya musu. Ni mi nawa ciki? Zare da allura."

"Shi Mukhtar ɗin lauya ne?"

"Ya fi lauya iya magana."

Junaidu yana da wata al'ada da yake alfahari da ita. Duk abin da ya ɗinka, sai ya maƙala masa ɗan ƙyalle mai sunan shagonsa da lambar wayarsa. Tutocin nan ma bai bar ko ɗaya ba.

Bayan wata biyu, jami'an tsaro suka tare wata motar albasa a hanyar Kalmalo. A ƙarƙashin buhunan aka sami bindigogi naɗe cikin tutoci. Direba ya tsere, Mukhtar ya ɓace. Suna ɗaya kawai aka samu rubuce a cikin kayan. Ranar kasuwa, a gaban jama'a, aka fito da Junaidu daga shago, tef ɗin awo na rataye a wuyansa.

Safiyya ta bi shi Sakkwato, ta sami wata lauya, Barista Na'ima, ta maimaita mata bayanin Mukhtar. Lauyar ta cire tabarau ta dube ta.

"Baiwar Allah, bambancin akwai shi, amma ba inda ya faɗa muku yake ba. Ɗan tawaye yana son ya ƙwace mulkin ƙasa ko ya tanƙwara gwamnati da ƙarfi. Mai ɓallewa yana son ya yanke wani yanki ya tafi da shi. Manufa ce ta bambanta. Tsarin mulkinmu kuwa ya ce Nijeriya ƙasa ɗaya ce, ba ta rabuwa. Da zarar bindiga ta shigo, kotu ba ta tambayar sunan da suka raɗa wa kansu. Tuhumar cin amanar ƙasa ce ke jiran su, har da wanda ya taimaka yana sane."

"Ranki ya daɗe, ko kaza bai iya yankawa."

"Na yarda. Amma sai an sami wanda zai tsaya a kotu ya faɗi yadda Mukhtar ya zo da abin da ya ce. Maƙwabtan shago duk sun ce ba su san shi ba."

A gida ma 'yan'uwa suka taru a kan Safiyya. Da suka ji tana son ba da shaida, suka ce ta yi shiru, mutanen Mukhtar suna da kunne a gari. Ta saurare su har suka gama. Ta yi sallar la'asar, ta daɗe a kan darduma, sannan ta ɗauko ragowar yadin Mukhtar da ta ɓoye a ƙasan akwati.

Mai karatu, ƙuncin rayuwa gaskiya ne, kuma akwai hanyoyin kai kuka ba tare da makami ba. Kada ka karɓi fassarar doka daga bakin wanda yake neman aiki da hannunka. Tambayi masani kafin ka sa sunanka.

Safiyya dai ta ɗaure yadin a jakarta, ta dubi 'yan'uwanta.

"Ranar Litinin zan shiga kotu in faɗi abin da na gani. Shago kuma gobe ni zan buɗe shi."