Shinkafar Ƙarshe

Shi, tafintan baƙi, aka miƙa wa wuƙa ya yanke kan tumpeng, tulin shinkafar nan mai ruwan ɗorawa da ba a buɗe komai a Jawa sai da ita. Kan na wanda ya fi kowa girma ne, kuma tun tasowarsa mahaifiyarsa yake ba. Yau, ranar buɗe masana'antar haɗin gwiwar Indonesiya da Turkiyya, sai ya wuce ta ya miƙa wa babban baƙo daga Turkiyya.

Ita ta dafa. Shi ya lallashe ta har ta saki gonarta: "Inna, 'yan'uwanmu Musulmi ne, aiki za su kawo."

Baƙon ya ɗanɗana, ya lumshe ido. "Masha Allah! Ɗan'uwa, ina ake noma wannan?"

"Me yake cewa?" in ji tsohuwar.

Ya faɗa mata, kansa a sunkuye.

"To, tafinta, gaya masa mana. Girbin ƙarshe ne. A kan gonar yake tsaye."

Ɗan nata ya dubi sumuntin da ke ƙarƙashin takalmansu, ya ƙaƙalo murmushi, ya juya ga baƙon.

"Ta ce ta gode, ranka ya daɗe."