Kabarin Mai Sassaƙar Dutse

Kai da kake cewa aiki shi ke saya wa mutum wurin zama, saurari wannan. A zamanin da, a wani birni na ƙasar Turai, an ɗauki ginin babbar majami'a, irin wadda kaka ke haƙa harsashinta, jika ya mutu bai ga rufinta ba. Cikin maginan akwai wani mai sassaƙar dutse da ya shiga aikin tun gemunsa bai fito ba. Shi ya fere duwatsun ginshiƙai, shi ya haɗa bakan gizon da ya ɗauke rufi can sama, inda in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. A al'adarsu, manya ake binnewa a cikin majami'a, ƙarƙashin daɓe, kuma kusancinka da bagade, wurin da ake miƙa hadaya, shi ne darajarka. Wata rana tsohon bishop, wato babban limamin majami'ar, ya ga aikin mai sassaƙar nan, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Gindin wannan ginshiƙi naka ne, nan za ka kwanta." Bawan Allah ya riƙe maganar nan hannu biyu. Garuruwa suka yi ta zawarcinsa, ya ƙi tafiya. Ƙurar dutse ta cinye masa huhu, yatsunsa suka ƙandare, shi dai in ya wuce gindin ginshiƙin sai ya ji sanyi a ransa.

Tsohon bishop ya rasu, sabo ya hau, maganar baka kuwa ta bi mai ita kabari. Sai ga wani attajiri mai fataucin ulu, wanda ko tsakuwa bai taɓa ɗagawa a ginin ba, ya ba da kyautar taga guda ta gilashi mai launi, aka zana shi a jikinta yana durƙuso kamar waliyyi. Aka ba shi gindin ginshiƙin. Abin da ya fi ciwo, da aka nemi wanda zai sassaƙa murfin kabarin, aka ce ai babu gwani kamar tsohon nan. Haka ya zauna yana tari yana fitar da fuskar attajiri a dutse, har da gyara masa hanci, baƙin ciki na cin sa, ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Da mai sassaƙar ya cika, aka fitar da shi waje, aka tona masa rami a bayan bangon arewa, inda rana ba ta leƙawa, daidai ƙarƙashin indararo. Duk ruwan da rufin ya tara, a kansa yake zuba, babu ko dutsen da ke ɗauke da sunansa. Masu ziyara kuwa suna shiga, su tsaya kan kabarin attajiri, su ɗaga kai su dubi rufi, su ce lallai wannan mutum ya yi wa Allah gini.

Hausawa sun gama magana da suka ce: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.