Sharar Gidan Bakin Kogi

Tunda Nasara suka kafa bariki a Gaya, gari ya cika, ɗaki ya yi tsada. Shi ya sa Sha'ibu mai fito ya kawo Ajuma, wadda zai aura, ta ga gidan bakin kogi. Gida ne yalwatacce, haya kamar kyauta, don an daɗe ba mai kwana ciki.

Ajuma ta tsaya daga ƙofa. Tsakar gida fes, ga sawun tsintsiya, ga randa cike da ruwa.

"Kai ka share?" ta tambaya.

Ya sunkuyar da kai. "Kullum haka nake tarar da shi."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Gidan nan da mai shi. Ko ka kama mana akurkin ɗakin bayan kasuwa, ko a mayar maka da goronka."